Na yi jawabi gaban mutum ɗari biyar ko gezau, amma aji ɗaya na neman kayar da ni

Sadiq_Injiniya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga malaman da ke zauren nan, don abin ya ɗaure mini kai. Shekara tara ke nan ina gabatar da jawabi a tarurrukan aikinmu. Na tsaya gaban mutum ɗari biyar, manya na sahun gaba, na yi magana ta minti arba'in ko gezau. To wata biyu da suka wuce na karɓi koyar da lissafi a wata sakandare, sau uku a mako, aji ɗaya, yara talatin da shida. Wallahi tun ranar Lahadi da yamma cikina yake ɗurar ruwa. In na fito daga aji rigata sharkaf, kaina na sarawa kamar wanda ya yi dako. Abin da nake koyarwa kuwa ko daga barci aka tashe ni zan iya shi. Ni ne da matsala, ko dama haka abin yake?

Dan_Alli:
Wata biyu kacal? Injiniya ai ko ɗamara ba ka gama ɗaurawa ba. 😂 Barka da shigowa.

UmmuHanan:
Wa alaikumus salam. Malam Sadiq, lafiyarka ƙalau. Shekarata goma sha huɗu da alli a hannu, kuma har yau akwai ajin da sai na tsaya a bakin ƙofa na ja numfashi kafin in shiga.

Mutum ɗari biyar ɗin nan da ƙafarsu suka zo. Wanda ka gundura zai sunkuya ya danna wayarsa, kuma in ka gama da shi za a tafa maka. Ba mai tare su a ƙofa ya ce su maimaita abin da ka faɗa. A can in ka faɗa ka sauke nauyi. A aji kuwa sai an gane, ganewar kuma a kan wani take faruwa, kan da ba ka da mabuɗinsa.

Makon jiya na yi minti talatin a kan yadda ake tara rabi da sulusi. Na zana, na yanka takarda a gabansu, na ce "kun gane?" Suka amsa da murya ɗaya, "Mun gane, Malama!" Da na karɓi littattafai, yara goma sha tara sun rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Da jawabi ne, da na koma gida ina cewa yau na burge.

MaiLasifika:
Ku yi haƙuri malamai, ban yarda ba. Ni aikina ke nan, gabatar da taro da shirye-shirye kai tsaye. Malami in ya yi kuskure yau, gobe yana nan zai gyara. Ni in harshena ya zame sau ɗaya an ɗauka a waya, kafin in isa gida ya zaga duniya. Ai har bincike an yi a Amurka aka gano mutane sun fi tsoron magana gaban jama'a a kan mutuwa. Wa ya taɓa cewa ya fi tsoron aji a kan mutuwa?

Binta_Kimiyya:
@MaiLasifika, maganar mutuwar nan ana yawan juya ta. Asalinta wata ƙuri'ar jin ra'ayi ce ta 1973, inda aka ba mutane jerin abubuwa aka ce su nuna waɗanda suke tsoro. Kashi 41 cikin ɗari suka nuna magana gaban jama'a, kashi 19 suka nuna mutuwa. Ba a ce musu "zaɓi ɗaya, ko mumbari ko kabari" ba.

Ga wanda ya fi dacewa da tambayar Malam Sadiq. A 2004 Sally Dickerson da Margaret Kemeny sun tattara gwaje-gwaje 208 da aka yi a kan kotizol, sinadarin da jiki ke saki in mutum ya shiga matsi. Abu biyu suka samu sun fi tayar da shi: mutum ya san ana auna shi da ido, da kuma ragamar abin ta kasance ba a hannunsa take ba. In biyun suka haɗu, nan ya fi hawa, kuma ya fi daɗewa bai sauka ba. Gogaggen mai jawabi na farkon kawai yake fama da shi. Shi ya tsara maganarsa, ya san farkonta da ƙarshenta, tambaya ma sai ya gama. Malami biyun ne a kansa daga ƙararrawa zuwa ƙararrawa.

MaiLasifika:
To Malama Binta, in ana son tayar wa mutum hankali a ɗakin gwaji, aji ake ba shi ya koyar ko jawabi ake sa shi? Na san amsar, so nake ki faɗa da bakinki.

Binta_Kimiyya:
Jawabi ne, ban musa ba. 😄 Gwajin da aka fito da shi a Jami'ar Trier ta Jamus a 1993, tsayar da mutum ake yi gaban alƙalan da suka ɗaure fuska tamau, ya yi magana minti biyar kamar mai neman aiki, sannan minti biyar yana ta ɗebe 13 daga 1022 da ka, in ya kuskure a ce ya koma farko. Amma minti goma ne a sallame shi. Kuma dubi kashi na biyun da kyau: lissafi da ka, gaban fuskokin da ba sa nuna maka komai, ana jiran ka yi tuntuɓe. Wannan ai ajin Malam Sadiq ne.

TsohonHedimasta:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Ɗana Sadiq, bari in ba ka abin da shekara talatin da ɗaya suka koya mini, ka ɗauki wanda ya yi maka.

An ce ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum. Mai jawabi baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne, kafin a gano lagonsa ya tafi. Kai kuwa yaran nan za su gan ka sau uku a mako har shekara ta ƙare. Sun san takalminka, sun san kalmar da kake yawan maimaitawa, wani ma yana ƙirga ta a bayan littafinsa. In ka yi barazanar da ba ka cika ba ranar Litinin, ranar Laraba da ita za a auna ka. MaiLasifika ya ce malami yana da gobe. Gaskiya ne, amma goben nan da kayan jiya take zuwa.

Sannan ka dubi minti ɗaya kawai na aikinka. Hannu na rubutu a allo, baki na bayani, kunne ya jiyo ƙus-ƙus a kusurwar hagu. Ka juyo, yarinya ta kifa kai a tebur, ba ka sani ba barci ne ko ciwo ko kuka. Wani ya ɗaga hannu, tambayarsa mai kyau ce amma ta darasin mako mai zuwa ce. Wani na neman izinin fita. An ƙwanƙwasa ƙofa, aike ne daga ofis. Saura minti goma sha biyu, ba ka kai rabin abin da ka shirya ba. Kowanne hukunci yake jira daga gare ka nan take, kuma yara talatin da shida sun zuba ido su ga yadda za ka yanke. Wani masani ɗan Amurka, Philip Jackson, da ya zauna a azuzuwan firamare yana lura, ya rubuta a 1968 cewa malami kan yi mu'amala da yara har sau dubu a yini guda. Da na fara jin adadin na ce an yi ƙari. Da na koma zama a bayan aji ina duba malamaina, sai na daina cewa haka.

Jacob Kounin kuma, da ya ɗauki azuzuwa a bidiyo, ya nuna a 1970 cewa ajin da ke zaune lafiya shi ne wanda yara suka tabbata malaminsu ya san abin da ke gudana a kowace kusurwa, kamar mai ido a ƙeya. To ido a ƙeya da ƙarfin jiki ake biyansa. Shi ne jiƙewar rigar nan taka.

Sadiq_Injiniya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar goben da ke zuwa da kayan jiya ta same ni. A mako na biyu na manta alamar ɗebewa a wani lissafi, na cika allo da aiki, amsa ta ƙi fita. Ina tsaye ina zare ido, sai wani yaro a sahun baya ya ce, "Malam, ai ɗebewa ce a layi na biyu." Aji ya fashe da dariya. Na gyara, na ce ya kyauta. Jiya ina wucewa ta baranda na ji wani na cewa "ga Malam Ɗebewa nan". Mako shida fa! A taro na taɓa kiran babban baƙo da sunan da ba nasa ba, aka yi dariya aka wuce, ba wanda ya sake tuna mini.

Dan_Alli:
Malam Ɗebewa 😂😂 Ka gode wa Allah naka mai daɗin ji ne. Nawa ba zai faɗu a zaure ba.

Gimbiya22:
Ni ba malama ba ce, bara na gama sakandare, amma bari in tona asirinmu. Duk sabon malami sai mun gwada shi, kuma shiri muke yi. Akwai mai yin tambayar da ta riga ta san amsarta, don a ga ko zai yi kame-kame. Wanda ya fi shan wuya a hannunmu shi ne wanda ba ya iya cewa "ban sani ba". Da ya fara kewaye-kewaye mun gane, shi ke nan kuma. Wata malamarmu ta kimiyya kuwa sai ta ce "wannan ban sani ba, ku ba ni zuwa Alhamis", kuma ranar Alhamis da shi za ta fara. Ba mu taɓa raina ta ba. Kuma Yaya Sadiq, malamin da ba mu damu da shi ba ko suna ba ma sa masa.

Malam_Lissafi:
Kowa ya tafi kan riƙon aji, ni wata magana ce ta Injiniya ta tsaya mini: "ko daga barci aka tashe ni zan iya shi". Ɗan uwa, nan gizo ke saƙa. Abin da ka iya har ya zama jikinka, ka manta yadda rashin saninsa yake. A taron aikinku kana magana da waɗanda suka riga suka san mafi yawan abin da za ka faɗa, ɗan ƙari kake yi musu. A aji tsalle uku kake yi inda kake zaton taku ɗaya ne.

Wata ɗaliba, Elizabeth Newton, ta yi wani gwaji a Jami'ar Stanford a 1990. Ta sa mutane su buga kiɗan sanannun waƙoƙi da yatsa a kan tebur, wasu kuma su saurara su faɗi waƙar. Masu bugawa sun yi zaton za a gane rabi. Cikin 120, uku aka gane. Mai bugawa yana jin waƙar a kansa, mai saurare kuwa ƙwas-ƙwas kawai yake ji. Malamin da ya ƙware a fanninsa shi ne mai bugun teburin nan, yana mamakin me ya hana su ji.

Gwada wannan: yaro ya tambaye ka me ya sa in an ninka lamba mai alamar ɗebewa da wata irinta ake samun mai alamar tarawa. Kuma ba ya son "haka doka take", dalili yake so. Ni da digirina sai da na kwana biyu kafin na samo bayanin da ɗan shekara goma sha uku zai ɗauka. Sanin lissafi daban, sanin inda yaro zai yi tuntuɓe a lissafi daban. Dubi 2/5 ɗin Malama UmmuHanan. Yaran nan doka suka bi, dokar tarawar da suka saba da ita ce suka kai inda ba ta aiki. Sai ka shekara kana duba littattafai kafin ka fara hango irin wannan tun bai faru ba.

Uwar_Biyu:
Ni duk ba wannan ba, murya. Mai jawabi an ba shi makirufo, ga ruwa a gefe. Ni wasu ranakun darasi shida nake yi da zallar maƙogwaro. Zuwa Alhamis muryata ta dishe, in na koma gida da hannu nake yi wa 'ya'yana magana. Akwai mai dabara?

Binta_Kimiyya:
Yaya, ba ke kaɗai ba ce. Wani bincike na 2004 a Amurka ya samu kusan kashi 58 cikin ɗari na malamai sun taɓa fama da matsalar murya, waɗanda ba malamai ba kuwa kusan kashi 29. In dishewar ta kai mako uku ba ta saki ba, ki ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Kuma raɗa ba ta hutar da maƙogwaro, sai dai shiru.

Dan_Alli:
Malama Binta, ke kam ko atishawa aka yi sai kin kawo shekarar da aka yi bincike a kanta. 😂

UmmuHanan:
@Uwar_Biyu, ki daina gasa da su, murya ɗaya ba ta rinjayar arba'in. Ni in hayaniya ta tashi tsayawa nake cak in zuba musu ido, su da kansu suke tsawatar wa juna. Kuma kar ki yi bayani fuskarki na kallon allo, za ki ƙara ƙarfi ba ki sani ba.

Abu_Safwan:
Ku dai faɗi gaskiya. Ni aji bai taɓa hana ni barci ba, a aji ma nake hutawa. Abin da ke cinye malami yana bayan ƙararrawa: rubuta shirin darasi, duba littafi ɗari da hamsin, cike fom, haɗa sakamako, taron da ba ya ƙarewa. Sannan a ƙarshen zango a kira ka ofis a tambaye ka me ya sa yara suka faɗi, har da wanda bai zo aji rabin zangon ba. A binciken da OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ta yi a kan malamai a 2018, kashi 18 cikin ɗari sun ce suna cikin matsi mai yawa a wurin aiki, kuma kusan rabi sun nuna yawan aikin takardu cikin abin da ke damunsu. Mai jawabi in ya sauka ya gama. Wa ya taɓa bin sa gida da tarin littattafai?

Kallo_Ya_Isa:
Malamai dai da ƙorafi. Ga dogon hutu, ga tashi da wuri. Ku je ku ga masu aikin dare a asibiti.

Uwar_Biyu:
Bismillah, ga ajina ranar Litinin, darasin ƙarshe bayan an dawo daga wasanni. Minti arba'in kawai. Ni zan riƙe maka jaka.

Admin_Zaure:
Jama'a a yi hattara, ba gasar wahala muke yi ba. Tambayar Malam Sadiq a kan koyarwa da jawabi take. A koma kanta.

Lakcara_Z:
To bari in koma. A jami'a nake koyarwa kuma ina zuwa taruka, don haka ina iya auna su biyun. Jawabi ana iya cin nasararsa ba tare da an faɗi komai ba. Ba zagi nake ba, @MaiLasifika, an gwada. A 1970 wasu masu bincike na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka ɗauko wani ɗan wasan kwaikwayo, suka sa masa suna Dakta Myron Fox, suka gabatar da shi a matsayin masani. Ya yi wa ƙwararru lacca a fannin da bai sani ba, an cika ta da gangan da maganganu masu karo da juna da kalmomi marasa ma'ana, amma ya yi ta da fara'a da barkwanci da ƙarfin gwiwa. Da aka raba takardar jin ra'ayi, yabo ya sha. Ka ba Dakta Fox aji ka bar shi zango guda, jarrabawa za ta tona shi.

Wanda ya fi ci mini rai ma shi ne akasin haka. A 2019 a Jami'ar Harvard ta Amurka an gwada ɗaliban fiziks: wani lokaci gogaggen malami ya yi musu lacca mai santsi, wani lokaci a sa su su yi ta fama da tambayoyi da kansu a aji. Sun fi cin gwaji bayan faman, amma sun ce a laccar suka fi jin sun koya. Wato ranar da ka yi aikinka daidai, ƙila fuskokin da ke gabanka a murtuke suke. Mai jawabi a fuskar jama'a yake karanta sakamakonsa nan take. Malami kuwa fuska na iya yaudararsa ta kowane gefe, to da me zai kwantar da hankalinsa in ya fito?

MaiLasifika:
Dakta, wannan Fox ɗin ai tsayuwa gaban mutane ce sana'arsa. Ku ɗauko malamin lissafi ku ba shi makirufo gaban mutum dubu, mu gani in gwiwarsa ba ta kaɗa ba. Kowa dai da inda ya saba.

Malama_Shiru:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma MaiLasifika ya taɓo ni. Shekara goma ina koyarwa, aji kamar ɗakina yake. Amma ranar da aka ce in yi bayanin minti biyar a taron iyaye, takardar hannuna rawa take har ana jin ƙararta a makirufo. Bakina ya bushe ƙayau, na tsallake sakin layi guda ban sani ba, ga yaran da nake tsawatarwa kullum a gefe suna kallona. Ni a wurina jawabi ya fi. Ina ganin Malam Sadiq shekara tara yake gwadawa da wata biyu. Ya tuna jawabinsa na farko, ya gaya mana ko bai yi gumi ba.

Sadiq_Injiniya:
Malama kin kama ni, daren jawabina na farko ban runtsa ba. Amma akwai bambancin da nake ji. Wancan faɗuwar gaba ce, tana hawa kafin in fara, in na yi minti uku sai ta sauka, in na gama har wani daɗi nake ji. Wannan nauyi ne, kuma ba ya sauka. Akwai wani yaro a sahu na uku da bai taɓa buɗe baki ba, littafinsa fari fat, shi nake tunani in na kwanta. Ban taɓa kwana da tunanin ko mutum ɗaya cikin ɗari biyar ɗin can ba.

TsohonHedimasta:
To ka amsa wa kanka rabi. Wata masaniya, Frances Fuller, ta bayyana tun 1969 cewa damuwar sabon malami daga kansa take farawa: ya nake a idonsu, za su raina ni, zan iya riƙe ajin? Daga baya take komawa kan yaran, ko sun koya ko ba su koya ba. Ta farkon irin ta mai jawabi ce, kuma sabo yana maganinta, Malama_Shiru ta yi gaskiya a nan. Ta biyun ban ga malamin kirkin da sabo ya raba shi da ita ba. Na yi ritaya, har yau akwai sunayen da ke faɗo mini. Yaron sahu na uku kuwa, kar ka jefa masa tambaya gaban aji. Ka tsaya a gefen teburinsa lokacin da kowa ke aiki, ka duba ko yana ganin allo ma tukuna.

UmmuHanan:
Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba. Shekarar da mahaifiyata ke kwance a asibiti, daga can nake wucewa makaranta. A bakin ƙofa nake goge fuska in shiga da murmushi, don yara 'yan shekara goma ba su da laifi, kuma da sun ga fuskarka ta canza ajin gaba ɗaya yake canzawa. Mai jawabi zai daure na awa guda, ko ya ba da uzuri a ɗage taron. Ni wata huɗu na yi a haka. Fushi ma haka yake: yaro ya gaya maka maganar da in babba ne sai an raba ku, kai kuma dole ka haɗiye, don sauran daga gare ka suke koyon yadda ake fushi.

Binta_Kimiyya:
Allah ya saka miki, Yaya. Dan_Alli ka toshe kunne, ga na ƙarshe. Wata masaniya, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 cewa malami in ya yi tambaya, kusan daƙiƙa ɗaya yake jira kafin ya amsa da kansa ko ya tsallaka kan wani. In ya daure ya kai uku, amsoshi sukan yi tsawo, kuma yaran da ba sa magana sukan fara. Malam Sadiq, ina zargin mumbari ya saba maka da gudun shiru. A aji cikin shirun nan suke tunani.

Abu_Safwan:
Daƙiƙa uku a ajin da na sani ai sai wani ya yi kukan akuya daga baya.

Gimbiya22:
Mu na kyanwa muke yi. 🙈

Sadiq_Injiniya:
Na dawo da rahoto. Yau na gwada ƙirga uku a zuci bayan kowace tambaya. Wallahi ukun nan ta fi minti arba'in na mumbari tsawo. Sau biyu ba abin da ya faru. A na uku wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu. Amsarta ba daidai ba ce, amma na gane inda ta ɓata, irin 2/5 ɗin nan ce. Baba, na tsaya wajen yaron sahu na uku. Yana ganin allo sarai. Da na sa shi ya karanta mini tambayar a hankali, sai ya maƙale a kalma ta huɗu. Ina jin tun daga karatun matsalar take. Rigar dai ta jiƙe kamar kullum.

MaiLasifika:
Har yanzu ina nan kan bakana fa. Injiniya, ranar da aka gayyace ka shiri kai tsaye, jar fitilar nan ta kama, ka zo mu sake maganar.

Malam_Lissafi:
A ajiye mumbari tukuna. Injiniya, yaron nan shekararsa nawa, kuma sauran malamansa sun sani? Kar ka ɗauki wannan kai kaɗai. Gobe ka fara da malamin ajinsu kafin ka ce wa yaron komai.

Uwar_Biyu:
Ni dai an bar ni da muryata. Malama UmmuHanan, na yi shirun naki yau, minti biyu cur ina tsaye suna surutunsu, ɗaya har ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne. Gobe ma in sake?